Dattijon da ya huta: ina zai kai ƙarfinsa a yaƙin neman zaɓe?

A unguwannin Zongo na Parakou da Djougou, da majalisun da ke kewaye da Gare, akwai wani rukuni na jama'a da 'yan siyasa ke zawarci duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. Su ne dattawan da suka miƙa wa 'ya'yansu rumfa, da tsofaffin direbobin manyan motoci, da waɗanda suka yi ritaya daga kamfanin jirgin ƙasa na OCBN. Suna da lokaci, ana kuma jin maganarsu. Da yawansu ba kuɗi suke nema ba, so suke a ce da su aka yi. Sai dai Bahaushen bakin iyaka ƙafarsa ɗaya tana nan, ɗaya tana Gaya ko Kamba ko Kano, don haka kafin ya zaɓi jam'iyya sai ya fara zaɓar ƙasa.

Ta Nijar a rufe take, domin a watan Maris na 2025 gwamnatin Janar Tiani ta rusa dukkan jam'iyyun siyasa. Najeriya kuwa babban zaɓenta na 2027 ne, kuma dokarta ba ta bai wa mazauna ƙetare damar jefa ƙuri'a daga inda suke ba. Wanda ke da katin zaɓe a Kebbi ko Kwara sai ya je da kansa, da wuri kuma, tunda a 2023 an rufe iyakokin ƙasa a ranar zaɓe. Amma mutumin da ya shekara talatin a Parakou, wa zai saurare shi a garinsu? Zai isa a yi masa maraba, a ci kuɗinsa, matasan da za su jefa ƙuri'ar ba su ma san sunansa ba.

A nan Benin lissafin ya sauya ƙwarai, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Idan ba a manta ba, bayan gyaran dokar jam'iyyu na 2018, jam'iyyu biyu kaɗai suka shiga zaɓen 'yan majalisa na 2019, abin da ya jawo tarzoma har a Tchaourou, garin tsohon shugaba Boni Yayi. A 2023 jam'iyyar Les Démocrates ta samu kujeru 28 cikin 109. Sai dokar zaɓe ta 2024 ta ce jam'iyyar da ba ta ƙulla yarjejeniyar ƙawance ba dole ta samu kashi 20 cikin ɗari a kowace ɗaya daga mazaɓu 24 na ƙasar kafin a ba ta kujera. A zaɓen 11 ga Janairun 2026 Les Démocrates ba ta samu ko kujera guda ba, UP-R da BR suka raba majalisar. Ma'ana, dattijo zai iya bin Zongo gida-gida har ya kawo akwatin unguwarsa, wahalar ta tafi a banza saboda abin da ya faru a wata mazaɓa ta kudu da bai taɓa takawa ba. Ga shi gyaran tsarin mulki na ƙarshen 2025 ya mayar da wa'adi shekara 7. Mai shekara 65 ya yi wa kansa lissafi.

A ganina, jarin dattijo shi ne sanayya, ita kuwa ba ta aiki sai inda aka ga cinikinsa da riƙon amanarsa. Kujerar kansila da ta shugaban unguwa su ne daidai da wannan jari. Nan ake maganar magudanar ruwa, da tashar mota, da hanyar shiga kasuwar Arzèkè. Amma a nan ma a yi hattara da alkawari. Tun 2022 kasafin kuɗin kowace ƙaramar hukuma yana hannun sakataren zartarwa ne, wanda ba zaɓensa jama'a ke yi ba, saboda haka ɗan takarar da ya ce zai raba rumfuna ko ya yafe haraji, a tambaye shi da wane iko. Haka wanda ya ce zai buɗe gadar Malanville. Benin ta buɗe nata ɓangaren tun Fabrairun 2024, Nijar ce ta ƙi a lokacin, kuma ba kansila ba ne mai warware irin wannan.

Djougou tata daban ce, tunda garin Abdoulaye Bio Tchané ne, jigon BR wanda ya yi takarar shugaban ƙasa a 2011 da 2016. Wanda ya bi wani ɓangare a can ya san da wa zai haɗu a masallaci da wurin suna.

Wanda ba shi da takardar ɗan ƙasar Benin, ko da an haife shi a Zongo, gara ya tsaya a gefe, kada rumfar da ya bar wa yara ta biya kuɗin kwaɗayinsa. Mai takarda kuma ba dole ne ya hau mota da lasifika ba cikin kwana 15 na kamfe. Akwai aikin wakilin jam'iyya a rumfar zaɓe, mai zama daga safe har a ƙirga ƙuri'u a sa hannu a takardar sakamako, kuma tsohon ɗan kasuwar da ya saba da lissafi da zaman wuri ɗaya ya fi yaro dacewa da shi.