Fasfo Da Biza: Abin Da Ya Kamata Mace Ta Sani Kafin Ta Ɗaura Kaya

Zancenmu na makon nan a kan tafiya ƙasashen waje ne, irin ta 'yan kwanaki, ko biki, ko barka, ko sarin kaya, ko Umra. Da can kakanninmu su kan bi ayari har Gwanja ba mai tambayarsu takarda. Yanzu kuwa kowace ƙasa da ƙofarta da mai tsaronta. Macen da ba ta san doka ba sai ta yi hasarar kuɗinta, ta kuma sha kunya a bakin iyaka.

Da fari mu rarrabe abu biyu da a kan haɗa. Fasfo takardar ƙasarki ce, ita ke shaida ko ke 'yar ina ce. A Nijeriya Hukumar Shige da Fice ke ba da shi. Biza kuwa izini ce daga ƙasar da za ki, in sun ga dama su ba ki, in sun ga dama su hana. Watau da fasfo ki ke yin sallama ki faɗi sunanki a ƙofar gida, biza kuwa ita ce amsar masu gida cewa ki shigo.

To, babban abin lura shi ne dokar shiga ƙasa fasfon hannunki ta ke bi. Ba ruwanta da harshenki, ko danginki, ko garin da ki ke aure. Ga misali. Tun watan Nuwamba na 2023 mai fasfon Gana na iya ziyartar Afirka ta Kudu ba biza, amma mai fasfon Nijeriya sai ta nema. Ashe ke nan Bahaushiyar zangon Kumasi da Bahaushiyar Kano, ko da kakarsu ɗaya ce, dokarsu ba ɗaya ba ce. Saboda haka kada ki ce ai wance ta tafi ba ta sha wahala ba. Tambayi fasfon wace ƙasa ta riƙe tukuna.

A nan kusa da gida akwai sauƙi. An kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, a Legas a 1975. A 1979 ƙasashen suka shirya a kan ɗan kowace ƙasa ya shiga 'yar'uwarta ba biza har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi. Don haka 'yar Nijeriya na zuwa Gana, ko Togo, ko Jamhuriyar Benin ba ta taka ofishin jakada ba. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar, amma a lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutanensu su shige su fice ba biza har sai an yi wata sanarwa. Mai zuwa Maraɗi ko Damagaram dai kada ta bar takardunta a gida don tana ganin gida ne za ta.

Ƙasashen Turai kuwa sai an yi shiri sosai. Ƙasashe 29, irin su Faransa da Jamus da Italiya, sun haɗu a kan biza ɗaya da a ke kira ta Shengen. Tun watan Yuni na 2024 kuɗin nemanta ga babba Yuro 90 ne, in an hana ki kuma ba a mayar miki. Su kan nemi shaidar masauki, da ta kuɗin guzuri, da inshorar asibiti. Iyakar zamanki kwana 90 ne cikin kowane kwana 180. In kin cinye 90 ɗin a jere, sai kin yi wasu 90 a waje kafin ki koma. Ingila ba ta cikin wannan shiri, tata bizar daban ce, ta baƙunci ta kan kai wata shida.

Sai Saudiyya, inda matanmu suka fi zuwa. Bizar Umra daban, ta Hajji daban, ta ziyara daban. Ba a yin aikin Hajji da ta Umra ko ta ziyara. A 2025 hukumar ƙasar ta sa tarar da ta kai Riyal 20,000 a kan wanda aka kama zai yi Hajji ba izini. A 2012 an tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya masu yawan gaske a filin jirgin Jidda da na Madina, aka komo da su gida, don an ce ba su tare da muharrami. A 2022 ministan aikin Hajji na ƙasar ya ba da sanarwar an janye wannan sharaɗi. Dokar hukuma ke nan na faɗa, hukuncin addini kuwa yana wurin malamai. Sa'an nan su kan nemi shaidar allurar sanƙarau da ta shawara. Tun 2016 katin allurar shawara ba ya tsufa, sau ɗaya ya isa, sai ki adana shi kamar zinariya.

Kun ga dai doka ta kan sake. Masu sarin kaya a Dubai sun shaida haka, gama a 2022 an tsai da ba 'yan Nijeriya biza, sai a watan Yuli na 2024 aka sake buɗewa. Abin da ya yi wa maƙwabciyarki aiki bara ba lalle ya yi miki bana ba. Matambayi ba ya ɓata, amma a tambayi ofishin jakadan ƙasar, ko a duba shafinsu na intanet, kafin a sayi tikiti.

Har wa yau ga gargaɗi uku. Na ɗaya, duba ranar mutuwar fasfonki, don ƙasashe da yawa ba su karɓar wanda bai da sauran wata shida. Na biyu, bizar baƙunci ba ta aiki ba ce. Duk dillalin da ya ce ki shiga da ita, in kin isa za a sama miki aikatau, ramin mugunta ya ke gina miki, balle in ya ce fasfonki zai zauna a hannunsa. Na uku, baƙo raɓa ne. Wadda ta zarce kwanakinta ta jawo wa kanta tara, ko kamu, ko a hana ta komawa shekara da shekaru, ta kuma ɓata wa na bayanta hanya.

Ku kuwa 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi rana. In an kawo wa Inna ko Gwaggo bizarta, ku zauna ku karanta mata abu huɗu: ranar da ta fara, ranar da za ta ƙare, kwana nawa aka yarda ta zauna, sau nawa kuma za ta iya shiga. Ku lura, biza na iya zama ta wata uku amma kwanakin zama 15 kaɗai. Ku duba ko sunanta da lambar fasfonta sun yi daidai, ku rubuta mata ranar komowa a takarda ta sa a jaka.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa.