Duniyar da Hazo Ya Rufe

Yawancin taurarin da a ke gani da dare, ko wannensu rana ce irin tamu, nisa ne ya sa suka ƙanƙance a ido. 'Yan kaɗan ne, irin su Zara, waɗanda ba su da hasken kansu. Su duniyoyi ne masu kewaya rana kamar yadda tamu duniyar ke yi.

Taurari ba girmansu ɗaya ba, ba kuma launinsu ɗaya ba. Akwai manya masu farin haske, akwai matsakaita irin ranarmu, akwai kuma waɗansu ƙanana jajaye masu haske dishi-dishi, kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Masana taurari suna kiran waɗannan jajayen wadanni. Su suka fi yawa a sama, gama cikin taurari 4 wajen 3 irinsu ne, amma ko ɗaya ba ya ganuwa sai da madubin hangen nesa.

Ɗaya daga cikinsu yana wani sashen sama da ke zuwa daidai bisa kai da dare a tsakiyar damina. A littafin da masana suka jera taurarin da ke kusa da mu, lambarsa GJ 1214. Faɗinsa wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na faɗin rana. An ce yana kusa, amma kusan nan na masana ne. Haske yana cin kilomita 300,000 cikin sakan ɗaya, daga rana zuwa nan kuwa minti 8 ya ke yi. Amma hasken da ya baro wannan tauraro ran da aka haifi yaro, ba zai iso ba sai yaron ya kai shekara 48.

A shekarar 2009 wani malami na jami'ar Harvard a Amurka, David Charbonneau, da abokan aikinsa suna gadin irin waɗannan taurari daga kan wani dutse a jihar Arizona. Madubansu 8 ne, ƙanana, faɗin bakin ko wanne santimita 40 kacal. Aikinsu shi ne su auna hasken ko wane tauraro dare bayan dare, su ga ko zai ragu. Dalili kuwa, in fara ta gilma gaban fitila, wanda ke nesa ba zai ga farar ba, amma zai ga haske ya ɗan dushe sa'an nan ya komo. Haka in wata duniya ta ratsa tsakaninmu da tauraronta.

To, sai suka ga hasken GJ 1214 ya ragu kaɗan, kamar a ce an kunna fitilu 70 aka hure ɗaya. Bai kai awa guda ba ya komo yadda ya ke. Bayan awa 38 ya sake raguwa, bayan wata awa 38 ya kuma. Abin da ke zuwa a kan ƙa'ida haka ba gilmawar girgije ba ne. Duniya ce ke kewaya tauraron, aka sa mata lamba GJ 1214 b.

Har yau ba wanda ya taɓa ganin fuskarta, ko a hoto. Duk abin da aka sani game da ita, daga hasken tauraronta aka karanto shi. Yawan hasken da ta ke tarewa ya nuna faɗinta ya kusa ninka na duniyarmu sau uku. Awa 38 ɗin nan kuma ita ce shekararta, watau shekara guda a can ba ta kai kwana biyu ba a nan. Ta yi gajarta haka domin duniyar ta matsa wa tauraronta ƙwarai. Tsakaninsu kilomita miliyan 2 ne da 'yan kai, alhali tsakaninmu da rana miliyan 150 ne.

Nauyinta ma an auna. In uba ya kama hannun ɗansa yana juyi da shi a tsakar gida, ba yaron kaɗai ke kewayawa ba, shi ma uban sai ya riƙa tangaɗi, in yaron ya cika nauyi tangaɗin ya ƙaru. Haka tauraron ke ɗan rausayawa saboda jan da duniyarsa ke yi masa. Da wani babban madubi a ƙasar Cile aka auna wannan rausaya, aka sami nauyin.

A nan ne abin mamaki ya fito. Da a ce ita randa ce, duniya 20 irin tamu za su shige cikinta, amma nauyinta na wajen 8 ne kawai. Ke nan ba dutse da ƙarfe zalla ba ce kamar tamu. Buhun auduga da buhun gero suna iya zama girma ɗaya, sai an ɗaga a san bambanci. Waɗansu masana suka ce watakila yawancin jikinta ruwa ne. Waɗansu suka ce a'a, dutse ne a ciki, wata iska marar nauyi, wadda a ke kira haidirojin, ta lulluɓe shi da kauri. Gardamar ba ta banza ba ce. Ya zuwa shekarar 2022 an sami duniyoyi fiye da 5,000 masu kewaya waɗansu taurari, kuma masu wannan matsakaicin girma suna cikin waɗanda suka fi yawa. Ga shi ko ɗaya irinsu babu cikin duniyoyi 8 da ke kewaya ranarmu, balle a aika na'ura ta dubo. Wannan kuwa tana cikin mafi sauƙin aunawa, gama tauraronta ƙarami ne, inuwarta tana fitowa sosai.

Hanyar raba gardama ita ce a san irin iskar da ke kanta. Hasken da mu ke gani fari, launuka ne da yawa a haɗe, bakan gizo shi ne shaida. Ko wace irin iska tana da launukan da ta ke shanyewa in haske ya ratsa ta, tururin ruwa da nasa, haidirojin da nata. Sa'ad da duniyar ke gilmawa gaban tauraronta, kaɗan daga cikin hasken yakan bi ta gefen iskarta kafin ya taho nan. In aka rarrabe launukan aka ga wanda ya ɓace, an san iskar da ta sha shi.

Aka juya madubin Hubble, wanda ke shawagi a sararin sama tun 1990, ya dube ta tana gilmawa sau da yawa. A 2014 wata ɗaliba mai suna Laura Kreidberg da malamanta suka bayyana abin da aka samu. Ba launin da ya ɓace fiye da wani, duka an tare su daidai wa daida. Ashe wani hazo ne mai kauri ya rufe duniyar tun daga can sama. Wanda ya san hazon hunturu, ran da a ke tsayawa bakin kasuwa ba a hango hasumiyar masallaci, zai gane irin takaicin da masana suka yi. Fiye da shekara 10 hazon nan yana hana su gani.

Ran 25 ga Disamba, 1921 ba a ko yi mafarkin irin wannan aiki ba, amma a rana mai kamar ta a 2021 aka harba wani sabon madubi mai suna James Webb, faɗinsa mita 6 da rabi. Shi yana ganin wani haske da ido ba ya gani, watau hasken zafi, irin ɗumin da mutum ke ji a fuska in ya matso kusa da tukunyar da aka sauke daga murhu. A watan Yuli na 2022 Eliza Kempton ta jami'ar Maryland da abokan aikinta suka sa shi ya kafa wa duniyar ido wajen awa 40, har ta gama kewaya guda. Maimakon su nemi hasken da ya ratsa hazon, sai suka auna zafin da ita kanta ke fitarwa.

Masana sun ɗauka gefe ɗaya ta ke juya wa tauraronta kullum, kamar yadda wata ke nuna mana fuska ɗaya. Don haka rabinta rana ce ba faɗuwa, rabi kuma dare ne ba wayewar gari. Aka sami zafin gefen rana ya kai awo 279, na gefen dare 165. Ruwa kuwa a awo 100 ya ke tafasa, ke nan ba wurin zama ba ne. Duk da haka ba ta kai zafin da aka zata ba, domin hazon yana da ƙyalli, yana mayar da wajen rabin hasken da ya sauka kansa. Bambancin da ke tsakanin gefen biyu kuma ya nuna iskarta mai nauyi ce. Da haidirojin ce kusan zalla, da ta kwashi zafi da sauri ta kai gefen dare, har su kusa daidaita. An fi zaton akwai tururin ruwa da yawa a ciki, ko kuwa iskar nan mai kama wuta da ke tasowa daga ruɓaɓɓen ciyayi a fadama.

A 2023 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta karɓi sunayen da mutanen Kenya suka kawo daga harshen Masai. Tauraron aka sa masa Orkaria, watau jan garin ƙasa da samarin Masai ke shafawa a jiki ran biki. Duniyar kuma aka sa mata Enaiposha, sunan da su ke ba babban ruwa irin tafki ko teku. A 2024 da aka sake dubawa da James Webb, sai aka ga 'yar alamar wata iska dabam a bisa hazon, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, wadda kuma ta cika sararin Zara. Alamar ba ta da ƙarfi, masana kuwa ba su yanke hukunci a kanta ba tukuna.