Wandon jin: a duba zurfinsa kafin a biya kuɗi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, idan kaka ta yi aka sayar da wake da gyaɗa, samari da yawa sukan nufi wajen masu kayan bosho. Abin da suke nema shi ne wandon jin. Masu dawowa daga cin rani su ma da shi suke dawowa. Wando ne mai ƙarko, ƙaya ba ta saurin yaga shi. Amma da yawa sun saya, sun sa sau biyu, sun jefa cikin akwati. Kuɗin guminsu ya tafi a banza.

Ni ma abin ya taɓa samuna. Wata ranar kasuwa na sayi guda, na sa shi na tafi wajen karatun manya. Da na sunkuya zan ɗauki alli, sai na ji iska a bayana. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce: "Malam, ja rigarka ƙasa." Faɗin wandon daidai yake da ni. Zurfinsa ne bai kai ba.

Mene ne zurfin wando? Ku shimfiɗa shi a tabarma. Ku auna daga hantsa, inda ɗinkin ƙafafu biyu ya haɗu, zuwa bakin ƙugu inda maɓalli yake. Wannan shi ne zurfi. Wandonmu na gida ba ya da wannan damuwa, don hantsarsa da yalwa, kuma mazagi yana ɗaure shi duk inda mutum ya so. Jin ba haka yake ba. Inda aka yanka shi, nan zai zauna.

Akwai mai gajeren zurfi, kamar taƙi ɗaya, wajen santimita 20. Shi a kan ƙashin kwankwaso yake rataya, ƙasa da cibiya sosai. Akwai matsakaici, wanda ke tsayawa yatsu biyu ko uku ƙarƙashin cibiya. Akwai kuma mai zurfi, wanda ke kai wa cibiya ko ya rufe ta.

Asalin wandon nan na ma'aikata ne a Amurka. A shekara ta 1873 wani tela, Jacob Davis, da wani ɗan kasuwa, Levi Strauss, suka sami takardar haƙƙin sa ƴan ƙusoshin ƙarfe a bakin aljihu don kada ya yage. Na farkon duk masu zurfi ne, don masu haƙar ma'adinai da masu dako sunkuye suke wuni. Shuɗin nasa kuwa shuni ne, irin na marinarmu, ko da yake yanzu a masana'anta ake haɗa shi. Gajeren zurfi yayi ne na birni, ya bazu sosai wajen shekara ta 2000.

Kowa da abin da yake so, ban hana ba. Saurayi siriri marar ciki yakan ce gajere ya fi yi masa kyau, kuma ba ya danne masa ciki idan ya zauna a kan babur. Gaskiya ne. Amma wanda zai duƙa da kalme tun safe, ko ya ja guga, ko ya hau raƙumi, gajere zai riƙa zamewa. Hannu ɗaya na aiki, ɗaya na jan wando. Ga kuma salla. Malamai sun ce al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Mai gajeren wando da gajerar riga, idan ya yi sujada, na sahun baya ne ke shan kunya.

Mai tumbi shi ya fi shan wuya. Matsakaici yakan tsaya masa a tsakiyar ciki, ya naɗe, ya cije shi in ya zauna. Dole ya zaɓa: ko mai zurfi ya rufe tumbin, ko ya bar wandon a ƙarƙashinsa ya sa doguwar riga. A ganina na farko ya fi.

Yanzu ga amfanin karatu. A bayan wando akwai wata ƴar fata ko takarda da aka rubuta W da L. Lambar W faɗin ƙugu ce, ta L tsawon ƙafa. Da inci ake lissafinsu, inci ɗaya kuwa santimita biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya. W 32 ke nan wajen santimita 81. Sai dai babu lambar zurfi a wurin. Shi ya sa wanduna biyu masu 32, ɗaya ya shige ka, ɗaya ya ƙi. Jikin mutum ya fi faɗi a kwankwaso bisa wajen cibiya. Kuma na bosho an riga an sa shi, an wanke, wani ma tela ya rage shi, lambar ba ta faɗin gaskiya kullum.

Wasu sukan zagaya bakin wandon a wuyansu, in ya haɗu su ce ya yi. Dabarar nan faɗi kaɗai take nunawa, shi ma ba kullum ba. Abin da ya fi, ku yanki igiya tun daga gida. Ku auna wandon da kuke jin daɗinsa, ku ƙulla ƙulli ɗaya na faɗi, ɗaya na zurfi. Ku duba baya ma: zurfin baya ya kamata ya ɗara na gaba da kamar yatsu huɗu.

In mai kaya ya yarda a gwada, kada ku tsaya ƙyam. Ku tsuguna, ku sunkuya, ku ɗaga ƙafa kamar za ku hau amalanke. Sabon jin na auduga zalla yakan ɗan tsuke bayan wankin farko, sai a bar masa wuri. Tela yana iya rage ƙugu, yana iya yanke ƙafa. Ƙara zurfi ne ke gagararsa, don babu ƙyallen da zai janyo.