Yadda masana ke gano abin da shanu ke ci a makiyaya

Saniyar da ake turke a gida sanin abincinta ba wuya, domin ana iya auna dusa da harawar da aka zuba mata. Wadda ke yawo a daji kuwa ita ke zaɓa wa kanta: ta ci gamba, ta tsallake wata ciyawa, ta tsinci 'ya'yan gawo. A ƙiyasin masana, saniya mai nauyin kilo 250 na buƙatar kusan kilo 6 na abinci kullum, idan aka cire ruwan da ke cikinsa. Da rani, idan furotin ɗin ciyawa ya gaza kashi 7 cikin 100, narkar da abinci kan yi wa dabba wuya, sai ta rame, nono ya ragu, mahauta da masu saye su ji a aljihunsu.

Hanya mafi sauƙi ita ce bin garke da ido. Mai bincike yakan bi saniya guda, yana ƙirga cizon da take yi da irin tsiron da ta ciza, sannan ya tsinko kwatankwacinsa a kai ɗakin gwaji. Ba ta da tsada, amma tana da rauni da dare ko cikin ciyawa mai duhu.

Akwai kuma tiyatar da ake buɗe 'yar kafa a maƙogwaron dabba, a ɗaura jaka, abin da ta haɗiye ya faɗa ciki. Samfurin yana fitowa kafin ya narke, sai dai miyau kan gauraya da shi, kuma dabbar na buƙatar kulawar likita a kai a kai.

Saboda haka ne masana da yawa suka karkata ga kashin shanu. Fatar ganyen kowane tsiro tana da zane nata, kuma ba ta narkewa gaba ɗaya. Ana busar da kashin, a niƙa, a duba da madubin likita, a kwatanta ɓurɓushin da samfuran tsirran yankin. Matsalar ita ce ganye mai laushi yana narkewa sosai, sai lissafi ya rage masa kaso, ya ƙara wa ciyawa mai tauri.

A 1986 masu bincike a Sukotland suka fito da dabarar amfani da kakin da ke lulluɓe ganye. Idan aka ɗura wa dabba wani adadi sananne na irin wannan sinadari, aka auna abin da ya fito a kashi, ana iya lissafa yawan abincin da ta ci. Ta baya-bayan nan ita ce karanta ƙwayoyin halittar tsirrai da suka rage a kashi. Wani bincike da aka buga a 2015 daga Mpala ta ƙasar Kenya ya nuna cewa shanu da jakunan dawa, duk da ciyawa suke ci, kowanne da nau'o'in da ya fi so.

Kowace hanya da giɓinta, shi ya sa akan haɗa biyu ko uku, a kuma tuntuɓi makiyayin da ya san dajin. Ga Najeriya, wadda ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, sakamakon irin wannan bincike ne zai nuna yawan shanun da gandun kiwo zai iya ɗauka, irin ciyawar da ya kamata a shuka, da watan da za a fara ƙarin abinci kafin garke ya doshi gonakin mutane.