Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar sunanta Mena. An ba ta sunan wata barewa mai dogayen ƙafafu da gudu, irin ta dajin arewa. Tsofaffin makiyayan Dakoro sun san ta.

Sau biyu Mena ta je babbar gasar Kofin Afirka: a 2012 da 2013.

Zuwan farko shi ne abin labari. An haɗa Nijar da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Masar kuwa ta ɗauki kofin sau uku a jere. Amma a 2010, a Yamai, Musa Ma'azu ya jefa mata ƙwallo ɗaya, Mena ta ci. Duk wasa ukun gida Mena ta cinye, ukun waje aka cinye ta.

A ƙarshe Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo suka yi maki 9 kowace. Ƴan Afirka ta Kudu har rawa suka yi a fili, suna tsammani sun wuce. Ashe ba su fahimci doka ba. Doka ta ce a duba wasannin da ukun suka yi tsakaninsu. Da aka duba, Nijar ce gaba.

A gasar kanta abin bai yi daɗi ba. Gabon da Tunisiya da Maroko duk sun doke mu. A 2013 an samu maki ɗaya, da aka yi kunnen doki da Kwango.