Ziyarar farko a Jamus: waɗanne birane ya kamata Badamagare ya zaɓa?

A cikin wani shirinmu na dare, wanda muke buɗa wa masu saurare layin tarho, wani malamin makaranta daga unguwar Birni ya kira mu da wata tambaya wadda ta hana mu sakat har bayan an rufe tashar. Ya ce ƙanensa da ke zaune a Jamus ya aiko masa da takardar gayyata, ya samu bizar kwana goma, kuma ya rubuta sunayen birane bakwai da yake son ya taka: Barlin, Munik, Hambug, Farankfut, Kolon, Situtgat da Dotmund. Tambayarsa ita ce: da wanne zai fara?

Amsar da muka ba shi a wannan dare gajera ce: malam, soke huɗu, ka bar uku. To, da yake lokacin rediyo ba ya jiran kowa, mun ga ya dace mu yi amfani da wannan fili mu faɗi dalilanmu, domin ba shi kaɗai ke da irin wannan buri ba.

Mu ma mun taɓa faɗawa wannan tarko. Lokacin da Allah Ya nufe mu da zuwa wani horo na aikin rediyo a can, an bar mana kwana biyar na hutu, muka ce sai mun ga birane biyar. Abin da muka gani shi ne tashoshin jirgin ƙasa biyar, da gajiya, da aljihu da ya yi sauƙi. Da muka dawo gida aka tambaye mu labarin Munik, ba mu da abin faɗa sai kuɗin ɗakin kwana. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Kafin a kai ga zaɓen gari, ya kamata a san abin da tafiyar ke ci. Kuɗin bizar Shengen kawai, tun daga watan Yuni na 2024, Yuro 90 ne, wato wajen jika 59 na kuɗinmu na sefa, ban da inshorar lafiya da tikitin jirgin sama, ban da kuma tafiyar kilomita kusan 900 daga Damagaram zuwa Yamai. Mutumin da ya yi shekara biyu yana tara wannan kuɗi bai kamata ya ƙarar da rabin kwanakinsa yana leƙen gonaki ta tagar jirgi ba. Jamus ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijar ba, gaskiya ne, amma daga Barlin zuwa Munik awa huɗu ne a jirgin ƙasa mafi sauri, kuma duk ranar da aka sauya gari, tsakanin haɗa kaya da neman tasha da neman sabon masauki, wannan rana ta tafi.

Saboda haka ma'aunin da muke ba da shawara a yi amfani da shi shi ne: a zaɓi garin da yake da wata alaƙa da kai, wanda in ka tsaya a cikinsa za ka ce ga abin da ya kawo ni. In da wannan ma'auni za a auna, to Badamagare yana da sa'a, domin akwai wata tsohuwar igiya da ta ɗaure garinmu da Jamus.

Duk wanda ya san lungunan Birni ya san allon da aka kafa don tunawa da gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdul Karim, ya sauka daga ƙarshen watan Disamba na 1852 zuwa ƙarshen Janairu na 1853, kafin ya kama hanyar Katsina da Sakkwato zuwa Tumbutu. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a cikin ayarinsa akwai wani yaro ɗan ƙasarmu mai suna Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance. An kama shi bawa yana ƙarami, aka bi da shi ta Damagaram har Kukawa ta Barno, inda abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya ƴanta shi. A 1855 Barth ya tafi da shi Turai tare da wani saurayi mai suna Abbega, suka ga Landan, suka kuma ga Jamus. Labarin da Dorugu ya bayar da bakinsa shi ne wani malamin mishan, J. F. Schön, ya rubuta, ya fito a cikin littafin Magana Hausa a 1885, kuma yana cikin tsofaffin rubutattun labaran Hausa na boko. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Ke nan, shekara 170 da suka wuce, wani yaron ƙasar Damagaram ya riga mu yin wannan tafiya. Birane ukun da za mu ambata duk suna kan wannan igiya.

Na farko shi ne Kolon, tare da maƙwabciyarta Bon. In aka sauka a Farankfut, daga tashar da ke cikin filin jirgin saman, jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum Kolon cikin kusan awa ɗaya. Kana fitowa daga tasha za ka yi arba da babbar majami'ar garin, wadda aka fara ginawa a 1248 ba a gama ba sai 1880, tsawon hasumiyoyinta mita 157. Ko ba addininka ba ne, ginin da ya ci shekara fiye da 600 abin a tsaya a duba ne. A unguwar Ehrenfeld kuma akwai babban masallacin da aka buɗe a 2018, inda baƙo zai samu jam'i da abincin halal a kewaye. A garin ne kuma ake da cibiyar binciken tarihin Afirka mai ɗauke da sunan Barth.

Daga Kolon zuwa Bon bai wuce rabin awa ba, don haka babu buƙatar sauya masauki. Bon ita ce fadar gwamnatin Jamus ta Yamma daga 1949 har aka sake haɗe ƙasar a 1990, kuma can ne gidan rediyon Deutsche Welle ya koma daga Kolon a 2003. Sashensa na Hausa ya fara aiki tun 1963, wato iyayenmu da ke manna kunne a akwatin rediyo a zaurukan Zango da Birni sun san sunayen Kolon da Bon tun kafin su san inda suke a taswira. Akwai kuma gidan tarihin Jamus na bayan yaƙin duniya na biyu, Haus der Geschichte, wanda shigarsa kyauta ne. Kwana uku sun isa a ga garuruwan biyu, a kuma zauna bakin kogin Rayin a huta.

Na biyu shi ne Hambug, kimanin awa huɗu daga Kolon. Nan aka haifi Barth a 1821, nan ne kuma garin su Overweg, kuma nan Barth ya kai Dorugu gidan iyayensa. Jami'ar garin tana cikin wuraren da ake koyar da harshen Hausa a Turai. Amma abin da zai fi ɗaukar hankalin wanda ya fito daga ƙasar da ba ta da teku shi ne tashar jiragen ruwa, wadda ita ce mafi girma a Jamus. Shekara da shekaru, motocin hannu da yawa da suka iso kasuwanninmu ta Kwatano da Lome daga irin wannan tasha aka loda su. Ba sai ka biya kuɗin yawon buɗe ido ba: jirgin ruwa mai lamba 62 da ke tashi daga Landungsbrücken yana karɓar tikitin zirga-zirgar cikin gari, kuma zai bi da kai ta gaban manyan jiragen dakon kaya. Ɗan kasuwa kuma ya leƙa Speicherstadt, unguwar tsofaffin rumbunan jan bulo inda ake ajiye kofi da shayi da kayan yaji da dardumai, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Masallatai da shagunan abincin halal suna nan jere a titin Steindamm, dab da babbar tasha.

Na uku shi ne Barlin, babban birnin ƙasar, wanda a ka'ida bai kai awa biyu ba daga Hambug. Kowa zai gaya maka ka je ƙofar Brandenburg, ka kuma ga saurar katangar da ta raba garin daga 1961 zuwa 1989. Ka je, suna da kyau a gani. Amma kada ka bar garin ba ka bi ta titin Wilhelmstrasse ba, inda aka yi taron nan na ƙasashen Turai daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 a kan yadda za su mallaki Afirka. Akwai allon tunawa a wurin. A nan ya kamata mu gyara wani kuskure da muke yawan ji a iska: ba a wannan taro aka ja layin da ya raba Damagaram da Kano ba. Faransa da Ingila ne suka ja shi daga baya a cikin yarjejeniyoyinsu, daga ta 1890 zuwa ta 1906. Abin da aka yi a Barlin shi ne shimfiɗa ƙa'idojin rabon, kuma shekara 14 bayan haka, a 1899, sojojin Faransa suka shigo Damagaram. A Barlin ɗin ne kuma Barth ya rasu a 1865, can kabarinsa yake. Wanda ya fara daga allon Birni ya ƙare a nan, ya ga farkon labarin da ƙarshensa.

Wani zai ce, ina aka bar Munik? Ba mu raina ta ba. Gari ne mai kyau, kuma masoya ƙwallo sun san Bayern. Sai dai tana can kudu, nesa da sauran ukun, kuma daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin babban bikinsu na shekara, kuɗin ɗakin kwana yana tashi ƙwarai. Wanda ɗan'uwansa ke Munik, to ya mai da ita sansaninsa ya soke Hambug. Ka'idar dai ita ce uku, kuma garin da kake da masaukin kyauta shi ne na farko.

Sauran ƴan shawarwari. In da hali, a sayi tikitin jirgin sama mai sauka a Farankfut ya tashi daga Barlin, don a tsira da awa huɗun komawa. Tikitin jirgin ƙasa mai sauri yana da rahusa in an saye shi makonni kafin tafiya, kuma kada a ruɗu da abin da ake faɗa cewa jirgin Jamus ba ya latti. Yana yi, don haka a bar tazara mai yawa ranar komawa. Shiga jirgi ko bas ba tikiti tarar Yuro 60 ce, babu roƙo babu “don Allah”. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, a yi cefane tun Asabar. Game da lokaci, daga Mayu zuwa Satumba ya fi dacewa da mu: a Disamba rana tana faɗuwa a Hambug wajen ƙarfe 4 na yamma, ga sanyin da ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba, a Yuni kuwa magariba tana kai kusan ƙarfe 10 na dare. Mai niyyar tafiya cikin azumi ya yi wannan lissafi tun daga gida.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka muhimmanci: a dawo kafin ranar da aka rubuta a biza ta cika. Wanda ya wuce wa'adi ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma jawo wa ɗan'uwan da ya gayyace shi matsala. Wanda ya dawo a kan lokaci kuwa ya fi samun sauƙin biza ta biyu, kuma birane huɗun da ya soke suna nan ba inda za su.

Malaminmu na Birni ya sake kiranmu bayan mako guda. Ya ce ya tsai da shawara a kan Kolon, Hambug da Barlin, kuma kafin ya tashi zai kai ɗalibansa su ga allon Abdul Karim, wanda shi kansa ya yi shekaru yana wucewa ta gabansa bai taɓa tsayawa ya karanta ba. Allah Ya kai shi lafiya, Ya dawo mana da shi lafiya, ya zo ya ba masu saurarenmu labari da bakinsa.