Ƙaiƙayin Gaba Da Ya Ƙi Jin Magani: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Akwai wani canji da ke samun fatar gaban mace ta waje, wanda likitoci ke kira VIN. Ba sankara ba ne, amma idan aka ƙyale shi yana iya komawa sankara. Da yake kunya na hana a yi zancensa a fili, maganganu marasa tushe sun yi yawa a kansa.

Ana cewa duk ƙaiƙayin gaba sanyi ne. Ba haka ba ne. Sanyi ya fi yawa, gaskiya, amma yana jin magani. Idan ƙaiƙayi ko raɗaɗi ya ƙi tafiya, ko wani wuri ya yi fari, ja ko baƙi, ko ya ɗan tasa, to maganin kemis ya gama nasa, sai likitan mata, domin yana iya zama VIN.

Ana cewa VIN cutar 'yan iska ce. Ƙarya ne. Iri biyu ne. Na farko ƙwayar HPV ke kawo shi, musamman lamba 16, kuma mace na iya ɗauka daga mijinta na sunna. Shan taba da ciwon ƙanjamau suna ƙara haɗarinsa. Na biyu ba ruwansa da saduwa. Yana biyo bayan wata cutar fata mai sa gaba ya yi fari, an fi ganinsa ga manyan mata, kuma shi ya fi saurin zama sankara.

Ana cewa gwajin bakin mahaifa ya wadatar. A'a, wannan bakin mahaifa kaɗai yake dubawa. A nan sai likita ya duba fatar da madubi mai ƙara girma, ya yi allurar kashe zafi, ya ɗebi ɗan ƙanƙanin yanki a kai ɗakin gwaji. Wannan ne kawai ke tabbatarwa.

Ana cewa daji, wato sankara, ba ya son ƙarfe, da an taɓa sai ya bazu. Babu ƙamshin gaskiya. Jinkiri ke ba shi damar yaɗuwa, ba gwaji ba.

Ana cewa sai an yanke gaban gaba ɗaya. Ba kasafai ba. Galibi wurin da ya canza kaɗai ake cirewa. Nau'in HPV kuwa ana iya ƙone shi da hasken leza, ko a shafa man imiquimod na wasu makonni.

Ana cewa yana dawowa. Wannan gaskiya ne, shi ya sa komawa asibiti bayan magani ya zama dole.

Rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023 yana kare su daga lamba 16, kuma ba ya hana haihuwa.

'Yar'uwa, idan kin ga canji, ki je asibiti. Kina da damar neman likita mace ta duba ki. Maigida, kai ma ka ba ta izini da kuɗin mota.